Masassarar maigidana ta sauka, ya ce ya daina shan magani. In ƙyale shi?

Wata ƴar uwa daga Tawa (ta ce a sakaya sunanta)

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nike nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu.

Maigidana dillalin bisashe ne, yana cin kasuwar nan Tawa da ta Badagishiri, wani lokaci har Abalak. Tun bayan babbar salla jikinshi bai koma daidai ba. Masassara ce mai zuwa da la'asar, cikin dare ya yi ta zufa har sai na canza zanen gado, da safe kuma ya tashi ya tafi kasuwa kamar ba shi ba. Ta yi kwanaki ta ɗauke, mu ce alhamdulillahi, sai ta sake dawowa. An yi awon palu, wato masassarar cizon sauro, ba a gani ba, duk da haka ya sha maganin palu. Aka ce tifoyid ce, ya sha nata. Amoksisilin ma ya sha daga wajen mai tebur. Ga ciwon ƙugu da ya sa ruku'u ke ba shi wuya, ga rama, wandunanshi duk sun yi mishi yawa.

Daga baya wani lokotoro ya tambaye shi sana'arshi, da ko yana shan ɗanyar madara. Ya sa aka yi wani awon jini, sakamako ya nuna buruseloz, wai ciwon da ake ɗauka daga dabbobi. Aka rubuta mishi doksisikilin da rifampisin, sati shida cif. Bai cika sati da farawa ba masassarar ta sauka, abinci ya fara shiga. Yanzu yana cikin sati na uku, ya ce shi kam ya gama. Fitsarinshi ya koma ja, zuciyarshi na tashi, kuma a cewarshi mai lafiya ba ya shan magani. Inna, mahaifiyarshi, ta goya mishi baya, ta ce ƙwayoyin nan ne za su cinye mishi jini. Yau kwana biyu bai sha ba.

Ni abin da nike so in fahimta, don in samu abin faɗa mishi, shi ne mi ya sa wannan ciwo ke son sati shida alhali sauran cututtuka kwana biyar ko bakwai sun isa? In ya tsaya nan, zai dawo? Sannan ina da ciki wata huɗu. Muna da awaki da saniya guda a gida, yara na shan madararsu da ɗuminta. Ɗaya daga cikin awakin ta yi ɓari da damina, kuma shi ya ciro mabiyiyar da hannunshi. Hankalina ba kwance yake ba.

Hajiya ta Koira Kano, Yamai

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba shi lafiya, ya sauke ki lafiya. Ni ba likita ba ce, amma na san maza. Kada ki tunkare shi gaban innarshi, ba zai sauko ba. Ki samu wanshi ko amininshi na kasuwa ya yi mishi magana. Innar kuma ki bi ta da lalama, ki ce lokotoro na son ganinta ta ji da kunnenta. Tsofaffi in aka girmama su da kira sun fi kowa tsayawa kan magani.

Majo (babban ma'aikacin jinya) a wani gidan likita na karkara, jihar Tawa

Ƴar uwa, ya koma kan maganin yau, kada a kai gobe. Gobe kuma ku je wurin lokotoron da ya rubuta, ku gaya mishi gaskiyar kwanakin da aka tsallake. Shi ne zai yanke ko a ci gaba da ƙidaya daga inda aka tsaya ko a sake lissafi.

Jan fitsarin nan ba jini ba ne, launin rifampisin ne ke fita. Har zufa da hawaye yana rinawa, kuma yana wucewa da an gama. Da an faɗa mishi tun ranar farko da bai tsorata ba. Abin da za ki sa wa ido shi ne fararen idonshi. In suka yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, to hanta ce ke kuka, a kai shi likita nan take.

Tashin zuciyar kuwa sau da yawa yadda ake shan doksisikilin ne. Ya sha shi da ruwa cike da kofi, bayan ya ɗan ci wani abu, kuma kada ya kishingiɗa sai an jima, don yana ƙona maƙoshi in ya tsaya a hanya. Kada ya kora shi da fura da nono ko madara, suna rage abin da ke shiga jini, a bar awa biyu tsakani. Rifampisin shi kuma da safe, ciki wayam. Tunda mutumin rana ne, ya riƙa rufe jiki da rawani, doksisikilin na sa fata saurin ƙuna.

Ciwon ƙugun ne ya fi tsaya mini a rai. Ku matsa a duba shi da kyau, har da hoto in da hali. Wannan ƙwayar cuta tana son gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da ƙugu, tana kuma shiga ƙashin bayan kanshi. In ta kai can, sati shida ma bai isa ba, wata uku ake yi ko fiye. Kuma tarin fuka na iya cin ƙashin baya da irin wannan kama, ga shi rifampisin na cikin manyan magungunan tarin fuka, ba a son a riƙa ba da shi ga mai tarin fukan da ba a gano ba. Ku tambaya ko an duba wannan.

Ke kuma kada ki taɓa maganinshi ko da kin ji masassara. Mai ciki ba ta shan doksisikilin, haka yaron da bai kai shekara 8 ba. Akwai wanda ake ba ku. Ki gaya wa ungozomar da ke miki awon ciki abin da aka samu a gidanku, a auna ki, don ciwon na iya jawo ɓari ga mace. Daga yau madara sai an tafasa.

Malamin nazarin ƙananan halittu, Yamai

Majo ya gama da abin yi. Ni bari in ɗauki tambayarki ta farko, mi ya sa sati shida, don ita nike koyarwa kuma amsarta ce za ta iya juya ra'ayin maigida.

A jininmu da gaɓoɓinmu akwai wasu fararen ƙwayoyin halitta da ake kira makurofaj. Aikinsu haɗiye duk baƙon da ya shigo. In suka haɗiye bakteriya, sai su kulle ta cikin wata ƴar jaka, su zuba mata tsami da sinadaran narkarwa, cikin ɗan lokaci ta zama tarihi. Yawancin ƙwayoyin cuta gudun wannan haɗiya suke yi, suna zama a waje, cikin jini ko majina ko fitsari, suna hayayyafa da sauri. Irin waɗannan magani ke riska a fili ya gama da su cikin mako guda.

Brucella, wadda ke jikin maigidanki, ta ɗauki wata hanya dabam. Tana bari a haɗiye ta. Mafi yawan waɗanda aka haɗiye suna mutuwa cikin awannin farko, amma kaɗan sukan tsira, kuma tsamin nan da aka zuba don a kashe su shi ne ke tada wata na'ura da suke da ita a jikinsu, mai suna VirB. Kamar ƙaramar allura take. Da ita bakteriyar ke harba sinadaranta daga cikin jakar zuwa cikin ƙwayar halittar da ta haɗiye ta, su karkatar da jakar daga hanyar narkarwa, su kai ta sashen da ƙwayar halittar ke ƙera furotin ɗinta. Nan akwai abinci, babu tsami, kuma sojojin garkuwar jiki da ke yawo cikin jini ba su ganin ciki. Sai ta zauna ta yi ta haihuwa a hankali. Tana ma hana makurofaj ɗin mutuwa da wuri, don kada gidan ya rushe mata. Ɓarawo ne da ya kama haya a ɗakin mai gadi. Mai gadin kuma yawo yake, shi ke ɗaukar ta ya kai saifa, hanta, ɓargo, gaɓoɓi, har marainan namiji.

Akwai dabara ta biyu. Bakteriya irin su E. coli suna da wata riga a bayansu wadda da garkuwar jiki ta shinshina, sai jiki ya ɗau zafi gaba ɗaya. Brucella ma tana da wannan riga, sai dai tata ta sauya siffa har ta kai ba ta tada hankalin garkuwa sai kaɗan. Shi ya sa ciwon ba ya kada mutum warwas rana ɗaya. Yana zuwa yana komawa, mutum na cin kasuwa yana ramewa.

Ta yaya ta koyi wannan? Ba wayo gare ta ba, tacewa ce ta zamani mai tsawo. In kika duba danginta za ki yi mamaki: ƴan uwanta na kusa a ƙasa suke zaune, wasu kuma cikin tsirrai. Ki tumɓuke wake ko gyaɗa da damina, ki dubi ƴan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, ki fasa ɗaya da farce za ki ga cikinshi ja-ja. Bakteriya ce zaune cikin ƙwayoyin halittar saiwar, tana ba shukar taki, shukar na ba ta abinci. Zuriya ɗaya suke da Brucella, kuma wasu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke ba waccan damar zama cikin saiwa ba a kashe ta ba, akwai irinsu a jikin wannan, suna mata aiki cikin dabba. Allurar VirB ma wata ƴar uwarsu da ke sa wa itatuwa ƙari tana da irinta. Kayan aikin zama cikin ƙwayar halittar wani tsoffi ne a gidansu. Da wani reshe ya faɗa jikin dabbobi, sai tacewa ta fara. Wadda ta tada hayaniya, ko garkuwa ta share ta ko ta kashe dabbar ta mutu tare da ita. Wadda ta yi shiru ta zauna a hantsar akuya shekara da shekaru, tana fita cikin madara, tana cika mahaifa lokacin ciki, ita ce ta bar zuriya. Haka aka yi ta yi har aka samu wadda muke fama da ita.

Wannan hanya ba ita kaɗai ta bi ta ba. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, cikin makurofaj na huhu take zama, ta hana jakar kaiwa ga narkar da ita. E. coli na rabuwa biyu cikin minti 20 in ta samu wuri, ta tarin fuka kuwa sai ta yi awa 15 zuwa 20. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ciwon ke tasowa a jikinsu. Ta kuturta ta fi kowa nisa a wannan tafiya. Tana zama cikin ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiyoyi, tana kusan sati biyu kafin ta rabu sau ɗaya. Da aka karanta kundin gadonta a 2001, sai aka tarar ƙwayoyin gado masu aiki wajen 1,600 ne suka rage mata, alhali ƴar uwarta ta tarin fuka tana da wajen 4,000. Sauran sun lalace don ta daɗe ba ta buƙatarsu, mai masauki ke yi mata komai. Har yau ba a iya shuka ta a kwanon awo ba. A ganina wannan ne abin da ya fi ban mamaki a fannin nan: daɗewa cikin jikin wani ba ƙarin makamai kaɗai yake so ba, har da zubar da duk abin da zai sa a ji motsinka.

To ga inda zancen ya haɗu da sati shida. Na ɗaya, sai maganin da ke ratsa ƙwayar halitta ya shiga ciki. Amoksisilin ba ya shiga sosai, shi ya sa wanda ya saya wurin mai tebur bai yi komai ba. Doksisikilin da rifampisin suna shiga. Na biyu, yawancin magungunan nan sun fi cin bakteriyar da ke cikin girma da rabuwa. A kowane lokaci akwai wasu da suka yi likimo, ba su ci ba su rabuwa, magani ya wuce ta kansu. Wani likita, Joseph Bigger, ya nuna haka tun 1944 da fenisilin: kullum akwai ƴan ragowa da ba su mutu ba, kuma in suka farka aka sake ba su maganin yana kashe su, wato ba jure maganin suka yi ba, barci ne ya cece su. Saboda haka dole magani ya kasance cikin jini kullum, sati bayan sati, don duk wadda ta farka ta tarar da shi. Saukar masassara na nufin an kashe masu yawo da masu motsi. Na cikin ɓargo da saifa suna nan.

Ko da an sha magani biyu sati shida cif, wajen mutum 5 zuwa 15 cikin ɗari ciwon na dawo musu, galibi cikin watannin farko. Wanda ya sha magani ɗaya ko ya yanke a tsakiya, nashi haɗarin ya fi haka nesa. Ki gaya mishi da harshen kasuwa: ya biya rabin kuɗi, yana so ya kora bisa gida.

Ɗan Azawak

Malam mun gode da karatu, amma ni ban yarda da zancen madara ba. Mu da kakanninmu da ɗanyen nono munka tashi, na shanu da na raƙuma, daga hantsa sai baki. Tsohona ya haura tamanin, bai taɓa tafasa madara ba. In ciwon nan gaskiya ne ai da Azawak ta ƙare. Kuma madarar da anka dafa ba ta da daɗi, ba ta da ƙarfi. Kada a sa mutane su tsani abincinsu.

Malamin nazarin ƙananan halittu, Yamai

Ɗan uwa, Allah ya ƙara wa tsoho lafiya. Ba wanda ya ce kowace saniya na ɗauke da ita, garke da yawa lafiya lau suke. Kuma ciwon ba mai kisa ba ne sosai, waɗanda yake kashewa ba su wuce 2 cikin ɗari ba ko da ba a yi magani ba, yawanci in ya taɓa zuciya. Wannan shi ne ainihin abin da na bayyana a sama: ƙwayar da ta ƙware wajen zama ba ta gama da mai masaukinta. Azawak ba za ta ƙare ba. Amma ka tuna mutum nawa ka sani a ruga da ake cewa suna da sanyin ƙashi, ko palu da ba ta jin magani, ko ciwon baya tun suna samari. Ban ce duka ita ce ba. Na ce ba a auna su ba.

An taɓa yin wannan gardama a tsibirin Malta. Sojojin Ingila da ke can sun yi ta fama da wata masassara mai zuwa da komawa. David Bruce ya ciro ƙwayar daga saifar waɗanda suka mutu a 1887, amma ba a san daga ina take zuwa ba sai 1905, da wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya same ta a jinin awaki masu ƙoshin lafiya a ido, aka kuma same ta a madararsu. Ana kora awakin ƙofa ƙofa ana tatsa gaban mai saye, kowa na ganin ba madarar da ta fi wannan tsabta. Da aka hana sojoji shan ta, ciwon ya kusa ɓacewa daga barikinsu.

Wanda ya warke daga tarin fuka, Birnin Konni

Ni ba buruseloz na yi ba, tarin fuka ne, wata shida na magani. Amma abin da maigidanki ke ji na san shi. Wata na biyu tari ya tsaya, na yi ƙiba, kowace safiya in na dubi ƙwayoyin nan a tafin hannuna sai in ji kamar ana zaluntata. Abin da ya riƙe ni wani maƙwabcinmu ne da muka fara tare. Shi ya bari da ya ji sauƙi, ya tafi ci-rani. Ya dawo a kwance, aka sake farawa daga farko, kuma karo na biyu ya fi wuya. Ki samo kalanda ki rataye inda yake alwala, kowace rana ya ja layi da hannunshi. Namiji in ya ga kwanakin na raguwa yana jurewa.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na bi shawararki, wanshi ya zo bayan isha'i, na karanta musu amsar Majo da ta Malam. Da aka zo wurin jan fitsari ya yi dariya ya ce ashe rini ne. Ya sha na daren, gobe za su koma wurin lokotoro tare. Yanzu ya ce in tambaya: in an gama sati shidan, zai iya sake awon nan don a tabbatar ta fita? Kuma ni zan iya ɗauka daga jikinshi? Sannan akuyar da ta yi ɓari, yana so ya kai ta kasuwa ranar Lahadi ya rabu da ita.

Mai awon jini, Yamai

Awon da aka fi yi nan shi ne Rose Bengal, ɗigon ruwan jini ake gauraya da wani ruwa mai launin hoda a kan faranti, in ya yi gudaji-gudaji an samu. Sai na Wright da ke nuna yawan abin. Duka biyun ba ƙwayar cutar suke gani ba, martanin da jiki ya mayar suke gani, kuma wannan martani na iya zama cikin jini watanni, wani ma shekaru, bayan an warke. Don haka in ya sake awo bayan sati shida ya ga har yanzu akwai, kada ya ce maganin banza ne, kada kuma wani ya ɗora shi kan sabon magani saboda takarda kaɗai. Jikinshi ne ma'auni: masassara, zufar dare, nauyi, ciwon ƙugu. Ya riƙa komawa ana dubawa har shekara ta zagayo. In masassarar la'asar ta dawo, ko maraina suka kumbura, ya faɗa wa duk likitan da ya gani cewa ya taɓa yin buruseloz, kada a sake zagayen palu da tifoyid.

Roƙo ɗaya daga gare mu: in za a shuka jininshi a kwalba, a rubuta a takardar cewa ita ake zargi. Tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan ɗakin awo, ta iska muke shaƙar ta in an buɗe kwano ba a sani ba.

Ɗauka daga mutum zuwa mutum abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Kwano ɗaya, ɗaki ɗaya, wanke mishi kaya, ba komai. In kin kamu, daga inda ya ɗauka kika ɗauka.

Likitan dabbobi, Tawa

Zancen akuya nawa ne. Don Allah kada ya kai ta kasuwa. Shi dillali ne, ya fi ni sanin hukuncin sayar da bisa mai aibi ba a faɗa ba, kuma gidan da za ta shiga akwai yara.

Abin da ke ruɗar masu kiwo shi ne, akuya ko saniya mai wannan ciwo sau da yawa ɓari ɗaya take yi, a watannin ƙarshe na ciki. Haihuwa ta gaba sai ta zo lafiya, mai ita ya ce ta warke. Ba ta warke ba. Ƙwayar ta koma hantsa da kaluluwar da ke kusa da ita ta zauna, tana fita cikin madara lokaci lokaci, kuma duk haihuwa tana zubo ta da yawa cikin ruwan haihuwa da mabiyiya. Mahaifar shanu da awaki da tumaki na da wani sukari, eritiritol, da ƙwayar ke matuƙar so, shi ya sa nan ta fi taruwa. Hannun da ya shiga ciro mabiyiya ba safar roba, in da ƴar tsaga a fata, ya isa. Ni na fi zargin wannan a kan madarar ma, ga maigidanki. A shanu kuma makiyaya sun san kumburin gwiwa mai ruwa da suke kira bakkale, shi ma alama ce.

Ba mu yi wa dabba maganin wannan ciwo. Dalilin da Malam ya faɗa ne: tana cikin ƙwayoyin halitta, allurar kwana uku ko biyar da ake saye a kasuwa ba ta fitar da ita, sai dai ta ɓata kuɗi ta bar saura cikin madara. Abin yi shi ne ku zo ma'aikatar kiwo a ɗebi jinin dukkan bisashen gidan, har da bunsurun da ke hawan su in naku ne. In ana son tabbaci ana iya aikawa LABOCEL, babban ɗakin awon dabbobi na ƙasa, a Yamai. Kafin sakamako, a ware wadda ta yi ɓarin, kuma ke mai ciki kada ki kusanci wurin haihuwarsu ko sharar turkensu. Wadda aka samu da ita, yanka ya fi. Naman halal ne kuma ana ci in ya dahu sosai, haɗarin na wurin mai fiɗa ne, ya sa safar hannu, a binne mahaifa da hantsa. Nan gaba duk abin da aka ɓarar, da ɗan da mabiyiyar, a haƙa rami mai zurfi a rufe, kada a jefa bayan gida karnuka su ja. Akwai rigakafin dabbobi, S19 na shanu da Rev 1 na awaki da tumaki, amma ma'aikata ke yin shi ga ƙananan dabbobi bisa tsari, ba abin saye a yi da kai ba ne, don shi kanshi yana iya kama mutum in allura ta soke shi. Na mutane babu.

Ɗan Azawak, ban ce ka bar nono ba. A tafasa madarar, a bari ta huce, a zuba iri, kindirmo ya kwana ya yi kauri yadda aka saba. Tsami kaɗai yana rage ƙwayar amma ba abin dogaro ba ne. Cuku ne ban da amsa mai daɗi a kanshi, don yawanci da ɗanyar madara ake yin shi, kuma sabo wanda bai gama bushewa ba ya fi haɗari. Mai ciki da yara su haƙura da shi in ba a san garken da ya fito ba.

Ƴar uwa, in za su zo, su zo da safe kafin a kora bisashe kiwo, kuma su riƙo takardar awon maigidan.